Teburin da Ya San Tsayawa

A shagon kayan ofis, wani mai ciwon baya yana gwada teburan lantarki biyu, suna hawa suna sauka.

"Malam, bar mai saurin nan," in ji wata mata a gefensa. "Ɗora jakarka kan kujera, tura ƙarƙashinsu ka gani."

Ya tura, ya sauke su. Na farkon ya matse jakar. Na biyun yana taɓa ta ya tsaya cak.

"Ɗana ƙarƙashin tebur yake ɓuya. Rannan saura kaɗan namu ya matse masa kai, wallahi. Kana da yara?"

"Tukuna dai." Murmushi ya ƙwace masa. "Amma matata... ko mahaifiyata ba mu gaya wa ba."

"To, ni ban ji komai ba. Allah ya raba lafiya."

"Amin, Yaya. Kin ceci kan da ban ma gani ba tukuna."