Hayaƙin Farko a Tudun Dolmaru

Jawabin Maeng Ok-bun, shugabar matan Galpo, a zauren ƙauye, ranar cika kwana arba'in da tara da rasuwar Pyo Dong-ha, ma'aikacin sashen gidaje na gunduma.

Mai girma shugaban gunduma, ranka ya daɗe. Shugaban sashen gidaje da abokan aikin marigayi, dagacin Galpo, dagacin Dolmaru, shugaban ƙungiyar masunta, dattawanmu maza da mata, sannunku da zuwa. Mahaifin Dong-ha, mahaifiyar Dong-ha, da ƙanwarsa Eun-ha, ku na bari a ƙarshe, don har yanzu ban san da wane ido zan dube ku ba.

An ce ni zan yi magana a madadin Galpo. Ni ba mai jawabi ba ce, sana'ata tonon ƙumba a laka, kuma waɗanda suka zaɓe ni sun san bakina ba shi da birki. In na zarce, a yi haƙuri da ni.

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da Dong-ha ya sauko daga motar gunduma, aikinsa na farko a duniya, sanye da baƙin takalmi mai ƙyalli. Takunsa na uku ya nutse a layin ƙasa, inda ruwa ba ya bushewa. Kaka Bang, wadda ta fi kowa shekaru a garin nan, ga ta can zaune, a ranar tana bakin ƙofarta tana kallo. Ta ce, "Wannan kuma ɗan waye? Kai, da waɗannan takalman ka zo cetonmu?" Ya rusuna har sau biyu, ya ce, "Kaka, an turo ni ne kan maganar gidajen tudu." Ta ce, "To Ɗan Tudu, fara ceton ƙafarka." Daga ranar sunan ya bi shi, har abokan aikinsa suka ɗauka.

Baƙinmu na birni ba su san maganar tudun nan ba, bari in faɗa musu, don ba a gane Dong-ha sai an gane ta. Lokacin da aka kawo ni garin nan amarya, teku kan leƙo layin ƙasa sau ɗaya a shekaru masu yawa, a yi ta labari. Yanzu duk cikar teku ta watan bakwai sai ta shigo mana ɗaki, kuma ta ƙasa take ɓullowa, ta magudanar wanka, ko da sama tana fes. Gunduma ta gina mana gidaje a tudu, masu kyau, da na'urar ɗumama daɓe. Sai dai tudun yana hayin rafi, hayin rafi kuwa ƙasar Dolmaru ce. Mu kuma muna da ƙa'ida tun ta iyayenmu: wanda hayaƙin murhunsa ba ya tashi a Galpo ba shi da rabo a lakar Galpo. Sun kafa ta ne don kada baƙi su zo da motoci su kwashe mana ƙumba, kuma ita ta riƙe mu har yau. Yanzu kowa da gas yake girki, ba a ga hayaƙi a garin nan ba tun ina da baƙin gashi, amma ƙa'idar tana nan daram.

Za ku ce to, a matsar da iyaka mana, tudun ya zama Galpo. Doka ta ce mazauna wurin ne kaɗai za su nema, bayan sun shekara a can. Ba za mu hau ba sai an matsar da iyaka, ba za a matsar da iyaka ba sai mun hau. Wanda ya fara hawa ya fita daga laka, kuma ba wanda zai iya yi masa alkawarin komawa. A wannan tsaka mai wuyar aka jefa saurayi sabon ma'aikaci, aka damƙa masa makullai, aka ce ya cika gidaje.

Ya kasance mai zuwa da ƙafarsa. Ma'aikata nawa muka gani kafin shi, su zo da takarda, su sha shayi, su tafi? Shi ɗakin baya na Kaka Bang ya kama haya, gidan da ruwa ke fara shiga a duk garin. Na ce masa, "Ɗan Tudu, kana da makullin gida fiye da ashirin a aljihu, ka rasa inda za ka kwana sai nan?" Ya ce, "Inna, in ban jiƙa tare da ku ba, da wane baki zan ce ku tashi?" Daga baya ma ya nemi a rubuta shi mazaunin tudun na farko. Aka ce masa ma'aikacin da ke riƙe da makullai ba ya ba kansa gida.

Ya kasance mai naci. Ya je ofishin iyaka, suka tura shi ofishin kamun kifi. Ofishin kamun kifi suka ce maganar ƙungiya ce. Ƙungiya ta zauna a zauren nan, aka ce in an buɗe ƙofa ga na tudu, an buɗe ta ga duk wanda ya sayar da gidansa ya koma birni, kuma wannan ma gaskiya ne. Wata rana da yamma ya shigo kicin ɗina a gajiye, na zuba masa miyar ƙumba da shinkafa. Ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce, "Inna, kin san abin da ya fi damuna? Kowa yana da gaskiya. Da a ce akwai mugu guda ɗaya a cikin maganar nan, da na san wanda zan kama." Na ce, "Kama ni mana." Ya yi dariya ya ce, "Ke Inna, wa zai iya?" Ya cinye, ya ƙara.

Ya kasance mai kula da abin da ba kowa a cikinsa. Duk mako sai ya hau tudun shi kaɗai, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe tagogi iska ta shiga, ya saki famfo. Da hunturu ya kan kunna ɗumin daɓe don kada bututu ya daskare. Daga laka muna ɗago kai mu hango shi yana buɗewa yana rufewa. Mata su ce, "Ga angon gidaje can ya je gaida amarensa." Mun yi dariya, ni ma na yi. Amma raina ya kan ɓaci in na gan shi, don na san mu yake yi wa shara, mu kuma ba mu da hanyar zuwa.

Shi ma ba sakakke ba ne. Al'adar gunduma ce duk shekara biyu a canza wa ma'aikaci wuri, sabo ya zo ya fara daga gaisuwa. Takardar canjinsa ta fito kafin damina, an mayar da shi kusa da gida. Mahaifiyar Dong-ha, na san kin gyara masa ɗaki. Ina tsaye a gefensa a bakin zauren nan lokacin da kika kira shi, ba laɓe na yi ba, muryarki ce ta fito. Kin ce, "Ka dawo haka nan, garin mutane ne, ba naka ba." Ya ce, "Umma, bari in ga hayaƙi ɗaya ya tashi a tudun nan, ɗaya tak, sai in taho." Ya roƙi shugabansa a bar shi ya wuce damina, aka bar shi.

Sauran kun sani. Cikar watan bakwai ta zo da iska a bayanta, da safe, ruwa ya wuce gwiwa a layin ƙasa. Takalman robarsa suka cika, ya cire su ya yar. Ya goyo Kaka Bang zuwa makaranta, inda muke fakewa, tana dukan kafaɗarsa tana cewa, "Sauke ni, ni buhun shinkafa ce?" Ya ce, "Buhu ai ba ya zagi, Kaka." A hanyar ne ɓawon ƙumba ya yanke shi a ƙafa, ɗan yanka, bai ma tsaya ba. Mu mutanen laka mun san ciwon da ke bin rauni daga ruwan teku a lokacin zafi, mun binne mutane saboda shi. Da muka ga ƙafar ta fara kumbura muka ce asibiti, yanzu. Amma hanyarmu ɗaya ce, tana ƙarƙashin ruwa, kuma ba jirgin da zai fita a iskar nan. Muka zauna da shi a ajin yara, ba shiga ba fita, muna kallon ruwa yana kallonmu. Kafin hanya ta buɗe, ciwon ya riga ya yi nisa.

Mahaifin Dong-ha, ɗanka bai taɓa ɗaga mana murya ba, kuma mun ba shi dalili ba sau ɗaya ba. Eun-ha, yayanki ya kan nuna mana hotonki har mun gaji, ya ce ke ce mai ƙwaƙwalwar gidan. Mahaifiyar Dong-ha, ba ni da maganar da za ta cika miki ɗakin da kika gyara.

Ban tsaya nan don mu zargi juna ba, shi kansa ya ce kowa yana da gaskiya. Amma ku dubi inda muke. Mun yi kuka, mun kankare laka daga bango, mun manna sabuwar takardar ado a bangon, daidai inda ruwa zai sake kaiwa. Kowane gida yana jiran maƙwabcinsa ya fara. Tagogin tudu kuwa tun da ya tafi ba wanda ya buɗe su.

Wannan fartanyar da kuke gani a hannuna, da ita na toni ƙumbar da ta ciyar da 'ya'yana biyu bayan rasuwar ubansu. Ban iya wata sana'a ba, kuma a shekaruna ba zan koya ba. Zan ajiye ta nan gaban hotonsa. Shugaban sashen gidaje, ka ba ni makulli ɗaya kafin ka tafi, na gidan farko daga rafi. Shugaban ƙungiya, kada ka sunkuyar da kai, tare muka girma. Daga gobe ka cire ni daga laka, ƙa'ida ce, ba kai ka kafa ta ba. An ce gida ɗaya ba ya isa a matsar da iyaka, na sani. Wataƙila wani ya biyo ni, wataƙila in shekara ni kaɗai a can ina hango ku kuna sauka laka da asuba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Tun da gas ba ya hayaƙi, gobe da safe zan hura itace a tsakar gidan, in ɗora tukunyar miya. Mahaifiyar Dong-ha, ina roƙonki kada ki hau motar farko. Ki tsaya a bakin zauren nan, inda ya tsaya ya yi miki alkawari, ki ɗaga kai. In kin ga hayaƙin, alkawarinsa ya cika, ki tafi da ɗanki gida.

Na gode wa shugabanni da suka tako, na gode wa matan da suka yi girki tun jiya, na gode wa mutanen Dolmaru da za su zama maƙwabtana. Ni 'yar coci ce, iyayensa na haikali ne, kowa ya roƙa yadda ya saba. Ubangiji ya ba Dong-ha masauki a tudun da ruwa ba ya kaiwa. Ya sanyaya zuciyar waɗanda suka haife shi. Mu kuma da muka rage a ƙasa, ya buɗe mana hanya kafin watan bakwai ya sake zagayowa. Amin.