Kofi Arba'in da Ƙoƙo Ɗaya

A tashar motar Paysandú, Aníbal, shugaban ma'aikata a wata masana'antar takalma, ya kasa zama. Motar ƙarfe bakwai ta yi latti. Wata dattijuwa ta tsiyaya ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha ana miƙa wa juna, ta miƙa masa.

"Zauna, ɗan nan, kana sa ni jiri. Korar ka za a yi?"

"Saura ƙiris, Doña. Yau mai masana'anta zai zo. Wata uku aiki na lalacewa, ba mai buɗe baki ya ce ga matsalar."

"Da suna faɗa?"

"Da kam. Sai wani ya ce zagayawa da ƙoƙo ɗaya ɓata lokaci ne, ya saya wa kowa kofinsa. Kofi arba'in, kowanne da suna! Laifi ne?"

"To a ina za su yi maganar? Injin da ke ƙara, mai ciwon baya, ai wajen miƙa ƙoƙo ake jin su. Wannan mutumin sakarai ne."

"Ba sakarai ba ne! Har Montevideo na je kwas, kwana biyar..."

Ta dubi ƙoƙon da ya riƙe tun ɗazu.

"Sannu da karatu. Sha ka miƙo, ba naka kaɗai ba ne."

Ya shanye. Mota ta iso, bai motsa ba.

"Doña, ina ake sayar da ƙoƙo nan kusa?"

"Motarka fa?"

"Akwai ta takwas."