Kwandon da Aka Mayar Cike

Fuatino: Halo? Wa ke magana?

Eseta: Mama, ni ce, Eseta. Kina ji na?

Fuatino: Wace Eseta? Ta gidan fasto?

Eseta: Taki. Baturiyarki ta Kanada.

Fuatino: Au, malamata. Muryarki ce kamar daga cikin tulu. Kina ina?

Eseta: Kan katangar bakin teku, bayan coci. Nan kaɗai waya ke kamawa yanzu. Ina wuni? Ya ido?

Fuatino: Ido da sauƙi. Sun yi aikin na dama, na hagu sai mako mai zuwa. Ya gida?

Eseta: Lafiya lau. Ya sanyin Auckland?

Fuatino: Kada ki tuna min. Riga uku nake sawa, gidan ɗiyata kuma duk bango da ƙofofi, iska ba ta da hanyar shiga. Ina mijina? Yana shan maganinsa?

Eseta: Baba Ioelu na sha. Wata rana.

Fuatino: Wata rana. Aladun fa?

Eseta: Sun sake fasa shinge, sun cinye gwazar maƙwabta.

Fuatino: Sun gaji mai su. Ya makaranta? Ya yaranki?

Eseta: Suna nan. Mama, dama tambaya zan yi. Ina makullin akwatinki na katako?

Fuatino: Makwancin wa?

Eseta: Makulli. Na akwati.

Fuatino: Me za ki ɗauka a ciki?

Eseta: Fasfona. Ke kika adana min shi ranar da na sauka gidanku.

Fuatino: Na sani. Saura wata biyu ki cika shekara biyunki. Gaggawar mece ce?

Eseta: Na gaji ne, Mama.

Fuatino: Kowa ma ya gaji. Ni da ido ɗaya nake magana da ke. Faɗi abin da ya faru.

Eseta: Baba ya ce kada a gaya miki sai an gama aikin idon.

Fuatino: To an gama rabi. Faɗa min rabi.

Eseta: Kin san Peleiupu, jikar tsoho Fa'alogo? Wadda ke zuwa ta ɗaya a aji takwas?

Fuatino: Ni na karɓi haihuwarta. Me ya same ta?

Eseta: Mako uku ke nan ba ta zo makaranta ba, ita da ƙannenta biyu. Kakansu ya hana. Jarrabawar shiga sakandare kuma ranar Litinin ce. Yau Juma'a.

Fuatino: Fa'alogo ba ya hana yaro karatu haka kawai. Wa ya taɓa shi?

Eseta: Ni.

Fuatino: Halo? Na ji kamar kin ce ke.

Eseta: Ni ce. Ranar da layin ciyar da malamai ya zo kan gidansu, yarinyar ta kawo kwando. Gwaza, ganye da madarar kwakwa, da kaza guda gasasshiya. Mama, na san kazar nan. Ita kaɗai ta rage musu mai ƙwai. Kuma da safen ranar yarinyar jiri ya ɗebe ta a aji, ba ta karya ba.

Fuatino: Sai kika yi me?

Eseta: Sai na ce ta mayar gida su ci da ƙannenta.

Fuatino: Bayan an buɗe an raba?

Eseta: Ba a buɗe ba.

Fuatino: Ba a yi godiya an ambaci sunan gidan ba?

Eseta: Shugaban makaranta ya tafi taro babban birni, Apia, ranar. Ni na tare ta tun a bakin ƙofa.

Fuatino: Ƙarfe nawa?

Eseta: Sha biyu da wani abu.

Fuatino: Da rana tsaka. Ta ratsa gari da kwando cike, ta gaban zauren mata, ta gaban gidan fasto.

Eseta: E.

Fuatino: Oh ni Fuatino. Wata ashirin da biyu kina cin abincin hannuna, ashe kunnenki na waje.

Eseta: Tausayi ne fa, Mama.

Fuatino: Wa ya roƙi tausayinki? Gidajen nan namu ba su da bango, kowa ya san tukunyar kowa. Mun san Fa'alogo ba shi da komai tun da ɗansa ya daina aiko da saƙo. Shi ya sa ya yanka kazar, don a ga har yanzu yana ciyar da malamai kamar kowa. Ke kuma kika aika masa da amsa a kan yarinya, cewa abincinsa bai isa a ci ba.

Eseta: To da yaya zan yi? In zauna in ci kaza, yarinya na kallona da yunwa?

Fuatino: Ki karɓa hannu biyu. Ki yi godiya da ƙarfi yadda na waje zai ji. Ki ci loma biyu, sannan ki kira ta ki ce ga rabonki daga malama. Da ta ci kazar har ƙashi, kakanta kuma ya yi mako yana taƙama. Kullum ba haka sauran malamai ke yi a gabanki ba?

Eseta: Na ɗauka ragowa ce kawai suke bayarwa.

Fuatino: Garin neman gira kin rasa ido.

Eseta: Na je gidansu washegari in ba da haƙuri.

Fuatino: Ke kaɗai?

Eseta: Ni kaɗai.

Fuatino: Kin zauna kafin ki buɗe baki?

Eseta: Ruwa ake yi, na tsaya a bakin zaure da lema, na yi masa bayani.

Fuatino: A tsaye. Kina yi wa mai sarauta bayani daga sama. Me ya ce?

Eseta: Bai ko dube ni ba. Ya ci gaba da murza igiyar kwakwa a cinyarsa. Shugaban makaranta ma ya je, suka ba shi shayi suka sallame shi. Halo? Mama?

Fuatino: Ina ji. Numfashi nake yi.

Eseta: Na gaji, Mama. Yara arba'in da bakwai, littafi tara. Na haƙura da karnuka, na haƙura da sauro, na haƙura da rashin wurin da zan yi kuka ba a gan ni ba. Amma duk alherin da na yi sai ya zama laifi. Na zo in taimaka, ga shi yarinyar da ta fi kowa ƙwaƙwalwa za ta ƙare a gonar gwaza saboda ni. Wataƙila in na tafi ya huce ya bar ta.

Fuatino: In kin tafi sai a ce baƙuwar gidan Ioelu ta ci mutuncin dattijo ta gudu. Litinin kuma ta wuce. Kin haɗa kaya?

Eseta: Na haɗa. Akwai motar safe zuwa Salelologa, in kama jirgin ruwa.

Fuatino: Shi Ioelu me ya hana shi zuwa ya ba tsohon haƙuri?

Eseta: Ya ce ba a zuwa irin wannan ban haƙuri ba tabarma a hannu, kuma tabarmin alfarma na gida duk sun tafi jana'izar ƙanwarsa.

Fuatino: Saura ɗaya. Bai san da ita ba.

Eseta: Wacce?

Fuatino: Kin tuna saƙar da nake yi a zauren mata kowace Laraba, kina tambayata ina cewa ta biki ce? Lallausa, mai jan gashin tsuntsu a baki. Ita ta ƙarasa min idon nan.

Eseta: Bikin wa?

Fuatino: Naki, sakarya. Ranar sallamarki za a buɗe ta a gaban gari, ki kai wa uwarki ta san ba a daji kika zauna ba.

Eseta: Mama, ba zan iya ba da wannan ba.

Fuatino: Taki ce, ni na gama nawa. Saurara, layin nan ba shi da tabbas. Makullin na cikin aljihun keken ɗinki, a ƙunshe cikin tsumma. In kin buɗe akwatin, fasfonki ne a sama. Tabarmar na can ƙasa, cikin farin zane. Ki ɗauki wanda za ki ɗauka, ba zan yi miki dole ba.

Eseta: In mun kai ya ƙi karɓa fa?

Fuatino: Yana iya ƙi. Fa'alogo kai gare shi kamar dutsen bakin teku. Ban ce miki tabbas ba.

Eseta: Lulluɓe ni za a yi da ita a ƙofar gidansa?

Fuatino: A'a, wannan sai mai neman gafarar jini, ke kuwa ba jini kika zubar ba. Gobe da safe, kafin rana ta yi zafi, ki bi bayan Ioelu. Doguwar riga. Ki zauna can ƙarshen zaure, ki naɗe ƙafa. Shi zai yi magana. Ke ko uffan.

Eseta: Ko in ce ban yi da gangan ba?

Fuatino: Bakin nan naki ne ya kawo mu nan. Ki ba shi hutu.

Eseta: To.

Fuatino: In tsohon ya karɓa, za su kawo abinci. Kuma na san shi, ko aron kaza zai yi sai ya yanka.

Eseta: Mama, ba su da...

Fuatino: Kin fara ko?

Eseta: Na yi shiru.

Fuatino: Me za ki yi in an ajiye a gabanki?

Eseta: Zan ci.

Fuatino: Loma biyu ba za su isa ba wannan karon. Ki ci har ya ga maiƙo a bakinki.

Eseta: Katina na ƙarewa, na ji ƙarar. Mama, tabarmar, in an zo buɗewa, wane gefe ne ke kallon tsohon?

Fuatino: Mai gashin tsuntsun. Ki riƙe ta hannu biyu, kada bakin ya taɓa ƙasa. Kuma ki gaya wa Ioelu in na dawo ni da shi ne, mako uku yana...

Eseta: Mama? Halo?