Saƙon da Na Goge a Lambu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri, da masu sauraro baki ɗaya.

Ni dattijo ne daga Damagaram, mazaunin Montreuil a ƙasar Faransa. Bara ɗana da ke Lyon ya samu ɗa namiji, sai ya raɗa masa sunan surukinsa maimakon nawa. Raina ya ɓaci matuƙa. Ina cikin ɗan lambuna na ɗauki saƙon murya, ina gaya masa kada ya sake taka gidana.

Kafin in tura, maƙwabcin lambuna, wani tsoho ɗan Kambodiya mai bin addinin Buda, ya lura da fushina. Ya ce, "Alhaji, zauna tukuna. A wurinmu ba ma yaƙi da fushi, ba ma kuma bin umarninsa. Ka ja numfashi goma a hankali, sannan ka duba abin da ke ƙarƙashinsa."

Na zauna, domin addinina ma ya koyar da mai fushi ya zauna. Da na duba, sai na tarar tsoro ne, tsoron kada jikokina su manta da ni a ƙasar baƙi. Nan take na goge saƙon.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Ɗana ya miƙo mini jaririn, ya ce, "Baba, tun ranar suna yake jiran albarkarka."

Iyaye 'yan uwana, ku zauna kafin ku tura. Ina gaida maƙwabcina, da jikana Abdussalam.