Ƙafar Ɗan Masunta a Jirgin Barkono

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, har da ku na kujerun baya da kuka yi mini dariya a wancan lokaci. Ina ganinku.

Ni ɗan masunta ne daga fadamar Haɗeja. A zamanin Turawa aka kawo ƙaramin jirgin sama mai yi wa tsuntsayen jan-baki feshi, don sun addabi gero da shinkafa. Da wankinsa na fara, har aka umarci matuƙin, wani Bature, ya koya mini tuƙi. Barkono muke ce wa Baturen, kuma sunan bai zalunce shi ba. "Kai kifi ne," in ji shi da gurguwar Hausarsa, "kifi ba ya tashi." Na tsane shi har cikin ɓargona.

Ranar da muke gwajin sauka a wani fili kusa da Kirikasamma, na hango Innata cikin mata masu bugun shinkafa, a gefen hagu. Tun da aka yi mini baftisma ba ta ƙara yi mini magana ba. Na ce yau za ta gani.

Tayoyi na taɓa ƙasa, hancin jirgin ya karkata wajen matan. A kwalekwale, in gaɓa ta matso ta hagu, ta hagun kake kafa gora ka tunkuɗa. Abin da jikina ya sani ke nan. Na danna matakin hagu, abin da ake takawa da ƙafa a juya jirgin, da dukan ƙarfina. Shi kuwa jirgin sama, inda ka danna can yake nufa.

Barkono yana bayana yana ihu, "Saki! Saki!" Yana danna nasa matakin na dama, ina danna nawa na hagu. Na ce wannan mutumin ba zai ƙwace mini jirgi a gaban uwata ba. Mata suka watse. Inna ta tsaya da sanda a hannu, ta kasa ɗaga ƙafa.

Sai bakina ya ce, "Yesu, karɓa!" Nan take ƙafata ta saki, ba ni na ɗauke ta ba. Jirgin ya juya dama, fiffike ya ja ƙasa, muka tsaya cikin ƙaiƙayi.

Barkono ya wanka mini mari, ya kore ni a ranar. Har yau ban iya ƙaunarsa ba, ku taya ni da addu'a. Amma da ƙafar maƙiyina Ubangiji ya ceci uwata.

Inna ta tako, ta lalube kaina da kafaɗuna, ta ce, "Kai dai ba ka ji. Ka ci abinci?"

Na gode wa Allah. Na rasa jirgi, a gidanmu na ci tuwo ran nan. 'Yan'uwa, abin da kuke dannawa da taurin kai, ku sakar wa Ubangiji tun bai kai kan uwarku ba. Amin.