Kaset ɗin da Na Taka a Gaban Inna

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki, da kai da masu saurare. Sunana Lawali, ina sayar da hatsi a kasuwar Dakoro. Makon jiya kun sa waƙoƙin marigayi Isufu, mawaƙin rege, kuka yaba masa. Ƙanena ne ciki ɗaya, amma shekara da shekaru in an tambaye ni sai in ce ban san shi ba.

Tun da ya bar lakwal, wato makarantar boko, ya tara gashi ya tafi Yamai, na juya masa baya. Can ya buɗe situdiyo, ya fito da mawaƙa da yawa. Wata damina ya zo gida, ya ɗauki muryar Innarmu tana waƙar daka, ya haɗa da kiɗansa, ya kawo mata kaset. Na fizge na taka a gabanta, na ce, "Ba za ka sa uwarmu cikin kiɗan 'yan shaye-shaye ba." Alhali ko taba ba ya sha. Ya duƙa ya tsince ɓaraguzan, ya ce, "Yi haƙuri, Yaya."

Inna ta rasu, bana shi ma ya bi ta. Wurin gaisuwa abokin aikinsa ya tura mini waƙar kaset ɗin nan a salula, ya ce Isufu ne ya bar wasiyya a ba ni. Na kunna, sai ga Inna tana dariya tana cewa, "Lawali, zo ka ji ƙanenka." Muryarta da ta rage mana ke nan.

Malamai masu saurare, ta yaya ake neman gafarar wanda ke kabari? Kai kuma malam, duk ranar da za ka sake sa waƙarsa, don Allah ka faɗa wa Dakoro ƙanen Lawali ne.