Goshin Malam Isa a Siber

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajiya Ramatu daga Zongon Wagadugu. Maƙwabciyata ke rubuta mini, ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko.

Shekara huɗu ke nan nake zuwa siber, wato shagon intanet, na Madam Zalisa duba hotunan da ɗana Sani ke aikowa daga Italiya. Ƙofar shiga intanet da take buɗe mini mai shuɗin harafi ce, ga ta da nawar tafiya. Hoto daga sama yake saukowa kaɗan-kaɗan, hula, sai goshi, sai gira. To goshin nan da girar na ubansa ne, marigayi Malam Isa, wanda bai bar hoto ko ɗaya ba. Kafin hanci ya fito sai in zauna ina kallon mijina yana saurayi, kamar ya leƙo ta katangar gidanmu. Baki na fitowa ya koma Sani.

Bana Madam ta sa wata ƙofa mai hoton dila. Kafin in gyara zama Sani ya fito gaba ɗaya. Na ce ta maido mini tsohuwar.

Ta ce, "Haba Hajiya, kowa na murna ke kina ƙorafi? Waccan cuta take kwaso wa na'urar ordinatar, ƙarshen wata zan goge ta."

Na ce, "Ni ina za ni da zan yi sauri?"

Ina gaida ƙanwata Hajara a Tampouy. Ku masu sanin na'ura, ku ba ni shawara kafin wata ya ƙare. Akwai yadda za a sa dilan nan ya riƙa tafiya a hankali?